Heike Kamerlingh Onnes: malamin da ya kai sanyi maƙura, maganaɗisu ya karya masa buri

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, domin za mu je ƙasar Holand, wani gari da ake kira Laiden, inda a farkon ƙarni na 20 aka sami wani ɗaki wanda babu wurin da ya kai shi sanyi a duk faɗin duniya. Mai wannan ɗaki shi ne Heike Kamerlingh Onnes, malamin kimiyyar fizik. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma duk wanda aka taɓa shigar da shi, ko wani nasa, cikin na'urar IRM mai ɗaukar hoton cikin jiki a manyan asibitoci, to ya ci moriyar aikin wannan dattijo. Abin da ya ja hankalinmu a rayuwarsa shi ne, ya gano wani abu da ya ba duniya mamaki, ya ɗora babban buri a kansa, sai burin ya rushe a hannunsa cikin ƴan watanni, kuma shi da kansa ya auna ya sanar da duniya cewa ya rushe.

Tasowarsa

An haifi Heike ranar 21 ga watan Satumba 1853 a birnin Groningen, arewacin Holand. Mahaifinsa, Harm, yana da masana'antar tubali a kusa da birnin, mahaifiyarsa kuwa, Anna Gerdina Coers, ɗiyar wani mai zanen gidaje ce daga Arnhem. Gidan na masu son karatu da zane ne, har ƙanensa Menso ya zama sanannen mai zanen hotuna. Shi Heike tun yana yaro ƙirjinsa ba shi da ƙarfi, kuma wannan rauni na huhu ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya shiga jami'ar Groningen a 1870. Shekara guda bayan haka ya tafi Heidelberg ta ƙasar Jamus, inda ya zauna daga 1871 zuwa 1873 a gaban manyan malamai biyu, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff. Da ya komo gida ya ci gaba da karatu, ya sami digirin dakta a 1879 da wani bincike a kan sababbin hujjojin da ke nuna cewa duniya tana juyawa. Ya ɗan yi aiki a makarantar injiniyoyi ta Delft, kafin a naɗa shi farfesa a jami'ar Laiden a 1882, yana da shekara 29. A jawabinsa na kama aiki ya bayyana aƙidar da zai riƙe har ya mutu, wato ilimin fizik ba ya tabbata sai ta hanyar awo, kuma abin da ba a auna ba bai kamata a ce an san shi ba. A 1887 ya auri Elisabeth Bijleveld, suka sami ɗa guda mai suna Albert.

Me ya kai shi neman sanyi?

Akwai wani ɗan ƙasarsu, babban masani mai suna Johannes van der Waals, wanda a 1873 da 1880 ya fito da lissafin da ke nuna cewa kowace irin iska za ta iya zama ruwa in an matse ta an kuma sanyaya ta yadda ya kamata, kamar yadda tururin tukunya ke komawa ruwa a jikin murfi. Onnes ya ƙudurta tabbatar da wannan lissafi da awo. To amma yin haka sai an sauka cikin sanyin da ba a taɓa gani ba.

Sanyi yana da iyaka. Ruwa yana daskarewa a sifili, firigo na gida yakan sauka kamar digiri 18 ƙasa da sifili, amma maƙurar sanyi tana digiri 273 ƙasa da sifili, kuma babu abin da zai iya wuce nan. Masana suna fara ƙirga nasu ma'auni daga wannan maƙura, suna kiransa ma'aunin Kelvin. Dabarar sauka kuwa duk mai famfon keke ya san rabinta: in ka matse iska sai famfon ya yi zafi, in ka bar zafin ya fita sannan ka saki iskar ta ƙaramar kafa, sai ta fito da sanyi. Onnes ya jera injuna kamar matakala, iskar farko in ta zama ruwa ta sanyaya ta biyu, ta biyu ta sanyaya ta uku, a haka ake gangarawa. Zuwa 1894 yana samun ruwan iskar oksijan lita-lita.

Sai ga matsala daga inda bai zata ba. A 1807 wani jirgin ruwa maƙare da albarushi ya fashe a tsakiyar Laiden, ya kashe mutum 151, ya rushe unguwa guda, kuma a kan kufan wannan unguwa aka gina ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Da labari ya bazu cewa farfesa yana tara iska matsattsa mai iya kama wuta a wurin, sai hankalin mutanen gari da na ma'aikatar magajin gari ya tashi. Daga 1895 zuwa 1898 aikin ya tsaya cik ana ta shari'a da kwamitoci. Har abokan gasarsa, James Dewar na Ingila da Karol Olszewski na Krakow, suka rubuto suna goyon bayansa. Kafin a ba shi izini ya ci gaba, a watan Mayu 1898 Dewar ya riga shi mayar da iskar hidirojin ruwa, a digiri 253 ƙasa da sifili.

Wani da ya yi fushi ya shiga gaggawa. Onnes bai yi haka ba. A 1901 ya kafa makarantar koyon ƙera kayan awo da hura gilashi a cikin ɗakin gwajinsa, inda yara matasa masu shuɗin tufafin aiki ke koyon sana'a suna kuma ƙera masa duk abin da yake bukata. Makarantar tana nan har yau a Laiden. Yana da babban makaniki, Gerrit Flim, da gwanin hura gilashi, Oskar Kesselring. Sai a 1906 ya sami nasa ruwan hidirojin, shekara 8 bayan Dewar, amma injinsa yana ba da lita 4 a kowace awa ba tare da tsayawa ba, abin da babu wanda ke da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar 10 ga watan Yuli 1908

Iska guda ta rage wadda ta gagari kowa, ita ce heliyom. An fara ganin alamarta a hasken rana a 1868, kuma sai a 1895 William Ramsay ya same ta a cikin wani dutse a nan duniya. Samunta ma aiki ne. Ta hannun ɗan uwansa Onno, wanda ke aikin harkokin kasuwanci a Amsterdam, Onnes ya samo wani irin yashi mai suna monazit daga jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Ma'aikatansa suka yi watanni suna gasa yashin suna tace abin da ke fita, har suka tara lita 360 na iskar.

A watan Maris 1908 ya yi tuntuɓe. Ya ga wani farin abu kamar gari a cikin kwalbar gwaji, ya ɗauka heliyom ce ta daskare, har ya buga wa Dewar wayar tangaraho, jaridu suka ɗauka. Da ya sake bincike sai ya gano cewa ɗan gurɓin hidirojin ne ya daskare. Ya fito fili ya janye maganarsa, ya koma ya ƙara tace iskar.

Ranar 10 ga watan Yuli aka fara aiki tun kafin ƙarfe 6 na safe. An riga an tanadi lita 75 na ruwan iskar da muke shaƙa, kuma zuwa bayan azahar an haɗa lita 20 na ruwan hidirojin. Daga nan aka fara zagaya da heliyom cikin bututu. Onnes bai yarda ya bar wurin ko don cin abinci ba, matarsa ce ta riƙa ba shi loma yana tsaye. Da yamma ta yi, hidirojin ya kusa ƙarewa, ma'aunin sanyi ya sauka ya tsaya wuri guda ya ƙi motsi, kwalba kuma kamar babu kome a cikinta. Wani farfesa abokin aikinsa mai suna Schreinemakers da ya leƙo ya ce mai yiwuwa ma'aunin ya tsaya ne sabili da yana nutse cikin ruwa. Aka haska kwalbar daga ƙasa, sai ga saman ruwan ya bayyana. Abin da aka samu bai wuce santimita kubik 60 ba, kamar cikin ƙaramin kofin shayi, yana tafasa a digiri 269 ƙasa da sifili, wato digiri 4 da ɗan kai a ma'aunin Kelvin. Daga wannan rana har zuwa 1923, lokacin da aka yi irinsa a Toronto ta Kanada, duk masanin da ke son ruwan heliyom sai ya zo Laiden.

Zaiba ta daina turjiya

Da sanyi ya samu, sai tambaya ta gaba: me ke faruwa da wutar lantarki a cikin ƙarfe in an kai shi can? Kowace waya tana yi wa wuta turjiya. Wannan turjiya ita ke sa dutsen guga ya yi zafi, ita ke sa ƙwan fitila ya yi haske, ita kuma ke sa wani kaso na wuta ya salwanta a hanya kafin ya iso gida. An san cewa turjiyar tana raguwa in ƙarfe ya yi sanyi, amma masana sun rabu a kan ƙarshenta. Lord Kelvin yana ganin ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, waɗanda ake kira elektiron, za su sandare su tsaya, turjiya ta yi tashin gwauron zabo. Wasu na ganin za ta yi ta raguwa sannu a hankali.

Onnes ya gwada zinariya da filatinam, ya ga ɗan dattin da ke cikin ƙarfen yana ɓata awo. Sai ya koma ga zaiba, wannan farin ƙarfe mai gudu kamar ruwa da ke cikin ma'aunin zafin jiki irin na da, sabili da ana iya tace ta sau da yawa har ta yi tsarki. Ranar 8 ga watan Afrilu 1911, shi da Flim da Cornelis Dorsman suna kula da injin sanyi, wani matashi mai suna Gilles Holst yana wani ɗaki yana karanta ma'aunin wuta, sai turjiyar zaiba ta ɓace. Onnes ya rubuta a littafinsa cewa ta zama kamar babu. Ainihin ranar ma ba a tabbatar da ita ba sai a 2010, da wasu masana biyu na Laiden suka warware rubutun hannunsa mai wuyar karatu. A watan Oktoba 1911 aka sake gwajin da kyau, aka ga cewa turjiyar ba sannu take raguwa ba: da an sauka ƙasa da digiri 4,2 na Kelvin sai ta faɗi gaba ɗaya, kamar an tsinke igiya. A ƙarshen 1912 aka ga kuza da darma su ma suna yin haka, kowane da nasa matakin sanyi. Irin waɗannan su ne za mu riƙa kira ƙarfe marar turjiya.

Ya kamata mu faɗi wani abu a nan. Takardun da suka sanar da wannan bincike sun fita da sunan Onnes shi kaɗai, Holst wanda ya yi awon godiya kawai ya samu. Haka tsarin gidan yake: Onnes yana kula da ma'aikatansa kamar uba, amma kuma shi ne mai gida, ba a raba suna da shi. Holst ya bar Laiden, ya zama shugaban farko na ɗakin binciken kamfanin Philips.

A 1913 aka ba Onnes kyautar Nobel ta fizik saboda bincikensa a kan yanayin abubuwa cikin tsananin sanyi, wanda ya kai ga samar da ruwan heliyom. A 1914 ya nuna abin da ya fi ba mutane mamaki: ya sa wuta ta shiga wani naɗin wayar darma da aka haɗe bakinsa biyu, ya cire duk abin da ke ba da wutar, amma allurar kamfas da aka ajiye a gefe ta ci gaba da nuna cewa wutar tana zagayawa awa bayan awa, muddin heliyom bai ƙare ba.

Burin gaus 100.000

In aka naɗe waya kamar gammo aka sa mata wuta, sai ta zama maganaɗisu, abin da wasu ke kira mayen ƙarfe. Ana auna ƙarfinsa da gaus. Maganaɗisun duniyarmu, wanda ke juya allurar kamfas, kamar rabin gaus ne kawai. Masana na wancan zamani suna mafarkin samun gaus 100.000 domin su leƙa cikin sirrin ƙwayar zarra. Abin da ya hana su shi ne zafi: wayar tagulla in an tura mata wuta mai yawa haka sai ta narke. Bafaranshe Jean Perrin ya ba da shawarar a riƙa sanyaya ta da ruwan iska, amma lissafi ya nuna kuɗin ya fi ƙarfin kowace jami'a.

Onnes ya ga hanya ta buɗe. Waya marar turjiya ba ta yin zafi, ke nan za a iya tura mata wuta yadda ake so. A takardar da ya gabatar wa babban taron duniya na masana sanyi da aka yi a Chicago a watan Satumba 1913, ya bayyana cewa da naɗin wayar darma mai faɗin kamar santimita 30 za a iya kai wa gaus 100.000. Akwai wata alama da ta riga ta bayyana: wayar da aka naɗe ba ta ɗaukar wuta kamar wadda aka miƙe, turjiya takan dawo da wuri. Shi ya ɗauka wasu gurɓatattun wurare ne a jikin wayar, waɗanda za a gyara da ƙwarewar maƙera.

A farkon 1914 ya sa darma marar turjiya cikin maganaɗisu ya riƙa ƙara ƙarfi yana aunawa. Da aka kai wajen gaus 600, a sanyin ruwan heliyom, sai turjiya ta dawo gaba ɗaya, darma ta koma darmar da kowa ya sani. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da yake nema bai kai ba, alhali maganaɗisun baƙin ƙarfe da ake da su a lokacin suna ba da dubbai masu yawa. Ashe laifin ba na maƙera ba ne. Maganaɗisun da wayar ke haifarwa shi ne ke kashe halin da ya sa ta zama abin so. Murna ta koma ciki. Onnes ya wallafa sakamakon yadda ya same shi, da lambobinsa, ƴan watanni kaɗan bayan ya karɓi Nobel. A 1916 wani Ba'amurke, Francis Silsbee, ya yi amfani da waɗannan lambobi ya nuna cewa iyakar wutar da waya ke ɗauka da iyakar maganaɗisun da take jurewa abu guda ne.

To, ina labarin zafi?

A nan ne tarihin ya zo da wani abin da hankali bai zata ba. Matan gida sun san cewa ludayin ƙarfe in an bar shi cikin tukunya yakan ƙona hannu, muciya kuwa ta itace ba ta yi. Tun a 1853, shekarar da aka haifi Onnes, Jamusawa biyu, Wiedemann da Franz, suka nuna cewa ƙarfen da ya fi gudanar da wutar lantarki shi ne ya fi gudanar da zafi, kamar tagulla da azurfa. Daga baya aka gane dalili: elektiron ɗin da ke ɗaukar wuta su ne ke ɗaukar zafi. Bisa wannan ƙa'ida, ƙarfen da wuta ke bi ba turjiya ya kamata zafi ma ya bi shi ba turjiya.

A 1914 Onnes da Holst suka auna yadda zafi ke ratsa daskararriyar zaiba sama da ƙasa da matakin da turjiya ke ɓacewa. Zafi bai sami wannan buɗaɗɗiyar hanya da wuta ta samu ba. Ƙa'idar da ta yi shekara 60 tana aiki ta karye a nan. A shekarun 1930 magajinsa Wander de Haas da ɗalibinsa Bremmer suka ci gaba da awon a kan darma da kuza, suka ga abin da ya fi haka: tsarkakken ƙarfe in ya shiga halin rashin turjiya, gudanar da zafinsa raguwa yake, in kuma aka kawo maganaɗisu mai ƙarfi ya karya halin, sai zafi ya koma bi da sauƙi. Bayanin bai samu ba sai a 1957, da Amurkawa uku, Bardeen da Cooper da Schrieffer, suka nuna cewa cikin tsananin sanyi elektiron suna haɗuwa biyu-biyu suna tafiya tare cikin tsari guda. Waɗanda suka shiga wannan tsari suna kai wuta, amma ba su ɗaukar zafi. Iyakar yadda sanyi ya ƙaru, iyakar yadda masu ɗaukar zafin ke ƙaranci.

Masana sun mayar da wannan hali makunnin zafi. Ɗan guntun darma ko kuza ko alminiyom ake sawa tsakanin sassa biyu na injin sanyi. In an kunna ƙaramin maganaɗisu, zafi ya wuce. In an kashe, hanya ta toshe, kuma kusa da maƙurar sanyi bambancin yakan kai ninki dubbai. Abin da ya karya wa Onnes buri shi ne ya zama mabuɗin wannan ƙofa.

Ƙarshen rayuwarsa

Yaƙin duniya na farko ya tsayar da aiki a Laiden, duk da cewa Holand ba ta shiga yaƙin ba. Bayan yaƙin Onnes da matarsa suka shiga aikin agajin yaran da yunwa ta addaba a ƙasashen Turai. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar duniya ta harkar sanyi a Paris a 1908, mai kula da abubuwa irin su adana nama da kifi da jigilarsu. A farkon shekarun 1920 ya sauka ƙasa da digiri 1 na Kelvin yana neman daskarar da heliyom, bai dace ba. Ya bar kujerarsa bayan sama da shekara 40, ya rasu a Laiden ranar 21 ga watan Fabrairu 1926 yana da shekara 72. Ƴan watanni bayan rasuwarsa ɗalibinsa Willem Keesom ya daskarar da heliyom ta hanyar matse ta da ƙarfi. A 1932 aka sa wa ɗakin gwajin sunansa.

Burin da ya bari

Maganar maganaɗisu ba ta mutu da shi ba. A shekarar da ya rasu wani matashi daga Tarayyar Sobiyet, Lev Shubnikov, ya zo Laiden ya yi shekara 4 tare da de Haas, sannan ya koma ya kafa irin wannan ɗakin sanyi a Kharkov ta Ukraniya. A 1935 da 1936 ya nuna cewa in an gauraya darma da wani ƙarfe, ana samun wani jinsi na dabam, wanda maganaɗisu ke iya ratsawa ba tare da ya kashe rashin turjiyarsa ba sai an kai ƙarfi mai yawa. Bai ga amfanin aikinsa ba: ƴan sandan Stalin suka kama shi da ƙazafi, aka harbe shi a watan Nuwamba 1937 yana da shekara 36. A 1957 Alexei Abrikosov ya bayyana cewa a irin wannan jinsi maganaɗisu yana shiga ne ta wasu siraran hanyoyi kamar zare, sauran jikin ƙarfen kuma ya ci gaba da aikinsa. A 1961 John Kunzler da abokansa a ɗakin binciken Bell na Amurka suka nuna cewa gaurayen niyobiyom da kuza yana ɗaukar wuta mai yawa cikin gaus 88.000. Shekara 48 ke nan bayan takardar Chicago.

Yau na'urorin IRM da aka fi amfani da su suna aiki da gaus 15.000 ko 30.000, wayarsu ta niyobiyom da titaniyom ce, kuma a mafi yawansu tana nutse cikin ruwan heliyom a sanyin da Onnes ya fara kaiwa a 1908. Amma matsalar zafi tana nan ana tsaronta. Tun da irin wannan waya ba ta iya kwashe zafi da sauri, in ɗan wuri kaɗan ya ɗumama ya koma mai turjiya, zafin yakan taru a nan ya bazu, maganaɗisu ya mutu cikin daƙiƙoƙi, heliyom ya tafasa ya tsere. Shi ya sa ake ja wayar siri-siri, wani lokaci fiye da gashin kai, a binne ta cikin tagulla, domin tagulla ta kwashe zafin ta kuma karɓi wutar in abu ya ɓaci. Ranar 19 ga watan Satumba 2008, a babban injin binciken zarra na CERN mai zagayen kilomita 27 a kan iyakar Faransa da Suwizalan, mahaɗar waya guda tsakanin maganaɗisu biyu ta yi zafi ta narke. Kimanin tan 6 na heliyom suka tsere, aka fitar da maganaɗisu 53 domin gyara, injin bai koma aiki ba sai a watan Nuwamba 2009.

Jama'a, Onnes ya rasu bai ga maganaɗisunsa ba, kuma bai san dalilin da ya sa zaiba ta daina turjiya ba. Abin da ya bari shi ne injuna masu aiki, da yaran da ya koya wa sana'a, da lambobin da za a iya dogara da su, har da wannan gaus 600 da ya fi kowace lamba yi masa ciwo. Da ya ɓoye ta ko ya ƙawata ta don kare sunansa, da waɗanda suka biyo baya sun ɓata shekaru suna neman gyaran wayar da ba ta da laifi. Ga ɗalibanmu na lise da jami'a masu karatun kimiyya, wannan shi ne abin ɗauka: in gwaji ya ba ka amsar da ba ka so, rubuta ta yadda ta zo.